Yadda ake zaɓen bindigar .22 mai saiti in kuɗin ba su da yawa

Ɗan yayata ne ya ja ni cikin wannan rubutu. Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidana a Tudun Wada, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, na ɗan tara kuɗi. Irin taka nake so, amma dubi wannan, ai ta fi taka kyau." Hoton wata bindiga ce baƙa ƙirin, an rataya mata ƙarafa ta ko'ina, ga tocila a gefe, ga madubin hangen nesa a kanta ya kai girman goran ruwa. Na ce masa, "Kyau kam na gani. Ina takardar da ta harba?" Ya tsaya yana kallona. Na shiga ciki na ɗauko wani tsohon kwali mai ramuka biyar, na ɗora murfin kwalbar lemo a kai, ramukan suka ɓace duka a ƙarƙashinsa. Na ce, "Wannan daga mita 50 ne. Abin da za ka biya kuɗinka a kai ke nan."

Sama da shekara arba'in ke nan ina harba ƙaramar bindigar nan ta .22, wato mai dalmar da kaurinta inci 0.22 ne, wadda mafarauta ke kira tu-tu. A hannun baffana na koya, tsohon soja, da wata Brno ƙirar Cekoslobakiya wadda har yau tana wurina da lasisinta. Da masaƙar da nake aiki a Kakuri ta tura ni kwas Ingila, na shiga wani ƙaramin kulob inda ake harbi a kwance daga yadi 25 da daddare, da tsofaffin bindigogin kamfanin BSA masu cin harsashi ɗaya. A can na ga dattijo mai bindigar da fentinta ya goge tas yana doke samari masu sabbin kaya mako bayan mako. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kafin kuɗi, lasisi

Ba zan shiga maganar ƙarfe ba sai na gama da wannan, domin a Kaduna muke. Dokar bindigogi ta 1959 ce ke aiki a Najeriya har yau, kuma ta kasa su gida uku. Kashi na farko an haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa: bindigogin yaƙi, masu jigida, da fistol kowace iri. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum ke iya mallaka da lasisi daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu wadda ba ta ɗura kanta, bindigar wasanni irin wadda muke magana a kai, da bindigar iska. Mutane da yawa sukan yi mamaki in na ce har ta iska tana ciki, amma tana ciki. Kashi na uku shi ne irin su adaka, da ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha yake.

Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da marar kamun kai irin mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisi. Sannan a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar cewa ta dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan bindigogi. Saboda haka matakin farko ba shagon dila ba ne. Ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha, ka nemi sashen da ke kula da bindigogi, ka ji halin da ake ciki a yau. In an ce ƙofa a rufe take, ka haƙura ka jira.

Ina roƙon duk saurayin da ke karanta wannan: kada ka saya a bayan fage, komai arahar. Mu da muka ga abin da ya sami Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru mun san yadda ake kallon mutumin da aka tsare a shingen bincike da bindiga ba takarda. Ba wanda zai tsaya ya ji cewa gafiya kake hari. Ɗaurin shekaru ne, in ma an tsaya a nan. Haka kuma lasisi ba ya shiga gado. Da baffa ya rasu, tun kafin a yi addu'ar bakwai na kai Brno ɗinsa wurin 'yan sanda aka ajiye, sai da takardata ta fito da sunana sannan na karɓo ta.

Abin da ya bambanta harsashin nan

In ka juya harsashin bindigar soja ko na mai baki biyu, za ka ga ɗan ido a tsakiyar gindinsa. Nan allura ke duka, wuta ta tashi. Na .22 ba shi da wannan ido. An zuba sinadarin kunna wutar ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanson, allura ta matse leɓen, albarushi ya kama. Dabarar ta samo asali daga wani Bafaranshe mai suna Flobert a 1845. Smith da Wesson suka fito da gajeren .22 a 1857, kamfanin Stevens na Amurka kuma ya fito da dogonsa, .22 LR (Long Rifle), a 1887, wanda shi ne muke harbawa har gobe. Dalmar kansa giram 2.6 ce kawai, kaurinta milimita 5.6.

Wannan ƙira ita ce ta sa yake da araha, ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa kaɗan. Ita ce kuma ta sa yake da nasa hali: in sinadarin bai zauna daidai a kewayen leɓen ba, wannan harsashi zai fita da sauri, na bayansa ya fita da sanyi, ramuka su watse. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai 'yan'uwansa masu tashi ta leɓe, .22 WMR na 1959 da .17 HMR na 2002. Sun fi gudu, sun fi nisa, amma harsashinsu ya ninka tsada kuma samunsa aiki ne. Mai neman sauƙi ya tsaya a kan .22 LR.

Mai sakata ko mai ɗura kanta

Ni dai mai sakata nake ba kowa shawara, wato wadda kake ɗaga hannun ƙarfe ka ja baya ka tura gaba bayan kowane harbi. Sakata tana kulle harsashi a mazauninsa daram, babu abin da ke motsi lokacin da wuta ta tashi. Kayan cikinta kaɗan ne, ƙurar hunturu ba ta saurin tsayar da ita, kuma tana cin kowane irin harsashi ba gardama. Tana kuma koya wa mutum natsuwa, domin kowane harbi sai ka yi masa shiri.

Masu ɗura kansu irin Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964 da gidan harsashi mai cin 10, da Marlin 60 ta 1960, bindigogi ne na kirki, an sayar da miliyoyinsu. Sai dai mazaunin harsashinsu an ɗan sassauta shi don kada su cije, kunamarsu kuma tana zuwa da nauyi daga masana'anta. Kafin ka kai 10/22 inda mai sakata take tun farko, sai ka sake mata kunama da bututu, kuɗin ya tashi biyu. Ga kuma saurin ƙarar da harsashi.

Cikin masu sakata, ga waɗanda na sani. Brno lamba 2 ta fito a 1954, aka ci gaba da ƙera ta da sunan CZ 452, daga baya 455 ta gaje ta, sannan 457 a 2019. In na sami kowace daga cikinsu da lafiyayyen bututu, ba na neman wata. Savage Mark II, kamfanin na Amurka ne amma a Kanada ake ƙera ta, ba ta da kyan gani, sai dai kunamarta da ake kira AccuTrigger ana iya sassauta ta ba tare da haɗari ba, kuma mai kaurin bututun tana harbi fiye da kuɗinta. TOZ-8 ta garin Tula a Rasha harsashi ɗaya take ci, nauyi gare ta, an yi ta ne don koyar da harbi, kuma aikin take yi. Norinco JW-15 kwaikwayon Brno ce daga Sin, araha ƙwarai, amma wata ta fi wata, dole a gwada wadda ke hannu. Tikka T1x ta Finlan, ta 2018, ta ɗan haura a farashi. Anschütz ta garin Ulm a Jamus ita ce sarauniya, kuɗin guda kuwa ya sayi CZ biyu ko uku har da canji. Bambancin da ke tsakaninsu a takarda 'yan milimita ne, wanda sai ɗan gasa ke bukata.

Kada tsawon bututu ya ruɗe ka. Albarushin .22 ya gama aikinsa a wajen inci 16 zuwa 18. Dogon bututu yana taimakon mai saiti da ido ne kawai, saboda tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya. In madubi za ka ɗora, gajere mai ɗan kauri ya wadatar.

Gaskiyar magana kuma, a ƙasar nan ba kasafai za ka shiga wurin dila mai rajista ka tarar da duk waɗannan a jere ba. Abin da ke akwai shi za ka duba, kuma sau da yawa tsohuwa ce da wani ya riga ya yi amfani da ita. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne. Dalma taushi gare ta, ba ta cin ƙarfe, bututun .22 yana iya harba dubun dubatar harsasai bai gaji ba. Abin da ke kashe shi sakaci ne, ba aiki ba. Sakacin kuwa yana barin alama.

Yadda nake duba tsohuwa

Da farko lambar da ke jikin ƙarfen ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi. In an kankare ko an sake bugawa, ka ajiye ta ka fita.

Sai ka buɗe sakata, ka duba da ido, ka sa ɗan yatsa ka tabbatar babu harsashi, ko da mai ita ya rantse babu. Zare sakatar gaba ɗaya, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya. Za ka ga tsagi a murɗe, zagaye ɗaya a kowane inci 16, wato wajen santimita 40. Shi ke juya dalma ta tafi a miƙe. Kana so ka ga cikin yana ƙyalli, gefen tsagin da kaifi. In ya yi duhu, ka nemi a goge a gabanka, domin datti yana fita, ramukan tsatsa kuwa ba sa fita. In ka ga wani baƙin zobe a tsakiya, wannan kumburi ne: wani ya taɓa harbawa alhali akwai dalma ko laka a maƙale a ciki. Tura tsumma mai matsewa da sanda za ka ji ya yi sako-sako a daidai wurin. Irin wannan ba ta da magani sai sabon bututu.

Daga nan ka juyo bakin. Leɓen da dalma ke rabuwa da bututu shi ne wuri mafi muhimmanci a jikin bindigar duka, kuma shi ne aka fi wulaƙantawa. Wani ya kife ta a ƙasan mota, wani ya yi shekaru yana cusa sandar ƙarfe ta gaba yana gogewa. In gefe ɗaya ya lotsa, iskar da ke bayan dalma za ta riga fita ta nan ta ture ta. Ni nakan ɗauki auduga irin ta goge kunne in zagaya leɓen a hankali. In zare ya maƙale, akwai tabo. Ƙwararren mai gyaran bindiga yana iya sake yanka leɓen, saboda haka wannan dalilin rage farashi ne, ba na fasawa ba.

Koma baya ka dubi bakin mazaunin harsashi, daidai inda allura ke sauka. In an saba danna kunama ba komai a ciki, allurar kan daki ƙarfen ta bar ɗan lotsi, daga nan kwanso ya riƙa cijewa, wani harsashin ma ya ƙi tashi. Wannan ciwon na masu tashi ta leɓe ne, kuma kai ma kada ka jawo wa taka.

Katako kuma a duba tsagewa a wuyansa, bayan ƙarfe. Kan sukurori in sun tauno, an sha kwance ta da abin da bai dace ba. A sabbin ƙira bututu ba ya taɓa katako, kana iya zura takardar kuɗi a ƙarƙashinsa ta wuce har gindi. In ta tsaya a gefe ɗaya, katakon na tura bututun. Amma tsofaffin Brno an ɗaure bututunsu da sukuru a gaba tun daga masana'anta, takarda ba za ta wuce ba, kuma ba aibi ba ne.

Sai kunama, wadda na fi ɓata lokaci a kanta. Sa kwanson da aka riga aka harba a mazauni don kare ƙarfe, ka nuna bakin inda ba kowa, ka matsa a hankali idonka a rufe. Mai kyau takan tsaya cak, sannan ta karye kamar tsinke. Marar kyau za ka ji tana jan ƙafa, tana gurza, ba ka san inda za ta saki ba. Nauyin da nake so kilo 1 zuwa 1.5. Ba sai da ma'auni na musamman ba: tsayar da bindigar bakinta sama, rataya robar ruwa da igiya a kunamar, ka riƙa ƙara ruwa har ta saki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Bayan haka ka ɗana ta a kan kwanson banza, ka buga gindinta a kan tabarma sau biyu uku. In ta saki da kanta, wani ya goga mata zarto don ta yi laushi, kuma ranar da za ta saki da harsashi a ciki tana nan zuwa. Kai ma kada ka taɓa kai zarto wurin.

Abu ɗaya ga mai sayen Brno ko CZ 452: makullinta da ke hana ta tashi, tura shi gaba ake yi a kulle, a jawo baya a buɗe, saɓanin yawancin bindigogi. An juya shi a 457. Hannunka ya haddace wannan tun kafin ka sa mata harsashi.

Harsashi rabin saiti ne

Nan ne masu ƙaramin ƙarfi ke yin asara ba su sani ba. Mutum ya ƙarar da kuɗinsa a bindiga, ya sayi harsashin da ya fi araha, ramuka su watse, ya ce an cuce shi.

Iri biyu za ka fi gani. Mai matsakaicin gudu yana fita da wajen mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti wanda yake wajen 340. Mai saurin gudu yana fita da 370 ko fiye, ya riga sauti, sannan kafin ya isa takarda gudunsa ya faɗo ƙasa da na sauti, a wannan tsallakawa kuwa yakan ɗan girgiza. Abin mamaki, iska ma ta fi ture mai saurin. Shi ya sa 'yan gasa duk mai matsakaicin gudu suke harbawa. Eley Tenex na Ingila, RWS R50 na Jamus da Lapua Midas su ne na manya, da tsadarsu. CCI Standard Velocity da SK Standard Plus su ne na talaka mai son saiti.

Kowane bututu da abincinsa. Bindiga biyu ƙira ɗaya, wannan ta so wani iri, waccan ta ƙi shi. Har a iri ɗaya ma, kowane zubi da lambarsa a jikin kwali, kuma zubi yana bambanta da zubi. In ka dace da wanda taka ke so, rubuta lambar, ka sayi iyakar abin da lasisinka ya yarda da aljihunka ya ɗauka. In ka canza iri, harbi goma na farko kada ka ƙirga su, domin kowane kamfani da irin kakin da yake shafa wa dalma, sai sabon ya shimfiɗu a bututu tukuna. Kakin nan kuma narkewa yake. Kwalin da ya wuni a cikin mota a zafin watan Maris na Kaduna ba zai sake harbi kamar da ba.

Madubi

Na taɓa sayen wani madubi mai araha a wani shago, an rubuta masa yana kusanto da abu sau 24, ga fitila ja da kore a ciki. Damina guda cur ina zargin Brno, yau ta harba dama, gobe hagu, har na fara tunanin bututun ya gaji. Da na cire madubin na koma saitin ido, sai ramuka suka dawo wuri ɗaya. Gilashin cikinsa ne ke motsi. Araha ba ta ado, kuma a madubi duk abin da aka ƙara na ado daga ingancin gilashi aka rage.

Mai kusantowa sau 4 tsayayye ya ishi mai farauta. Mai son takarda ya nemi 3 zuwa 9. Abin lura shi ne yawancin madubai an daidaita su ne don manyan bindigogi a yadi 100, mu kuwa a 50 muke aiki. Ɗora bindigar a kan buhu, saita giciyen da ke cikin madubin a kan ɗigo, ka motsa kanka kaɗan ba tare da ka taɓa ta ba. In giciyen na yawo a kan ɗigon, wannan kuskure zai shiga kowane harbi. Ka nemi wanda aka yi don .22, ko mai zoben daidaita nisa. Ƙafafun da ke riƙe shi ma a kula: layin kan bindigogin Turai yawanci milimita 11 ne, na Amurka kuwa kashi uku cikin takwas na inci, wajen milimita 9.5. In aka haɗa ƙafafu da layin da ba nasu ba, madubi zai riƙa zamewa.

Da za a ba ni kuɗin in kasa goma, biyar na bindiga ne, biyu na madubi da ƙafafunsa, biyu na harsashi, ɗaya na akwatin ƙarfe mai kwaɗo da kayan goge-goge.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. In dila na da filin da aka amince masa, ko kana da izinin shiga wani, ka nemi a harba kafin ka biya. Sassafe ya fi, bayan asuba kafin iska ta tashi, domin iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana iya ture dalma santimita 2 zuwa 3 a mita 50, wato faɗin murfin kwalbar nan gaba ɗaya. Auna mita 50 da tef, ba da taku ba. Yanke ƙafafun tsohon wando ka cika da yashi ka ɗaure, ɗaya a ƙarƙashin katakon gaba, ɗaya a gindi. Katako ake ɗorawa, ba bututu ba.

Harba biyar a ɗigo ɗaya, ka koma wani ɗigon, har sau biyar. Kada ka taɓa saitin madubi a tsakani. Ba ruwanka da ko sun sami tsakiya, taruwarsu kake nema, matso da su tsakiya aikin minti biyu ne daga baya. A kowane rukuni ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ya fi nisa da shi, ka haɗa biyar ɗin ka raba. Kada ka ɗauki mafi kyau ka yar da saura, kowace bindiga takan yi sa'a sau ɗaya. In matsakaicin bai wuce santimita 2.5 ba, saya. In ya sauko 1.5, ka yi babban dace. Don ka san inda manya suke, da'irar maki goma a gasar Olamfik ta mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne.

Takardar kuma tana magana. Ramuka a jere sama da ƙasa, harsashi ne ba ya fita da gudu ɗaya, ko sukurun katako ya saki. A jere dama da hagu, iska ce ko yatsanka ke fizgar kunama. Rami mai tsawo kamar ƙwayar dabino, dalma na isa a karkace, koma ka dubi leɓen bututu.

In ka saita a mita 50, a mita 100 dalma za ta faɗi ƙasa kusan taƙi guda. Shi ya sa ban yarda a harbi mai rai da ita nesa da mita 60 ba. Ta gafiya ce da gyazbi da zomo masu ɓarna a gona, a kai, harbi ɗaya, da bisimilla. Ba ta gada ba ce, raunata ta kawai za ka yi ta je ta mutu a daji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami. Kwali ya ishe ka gwaji.

Ƙanƙantarta kada ta sa ka raina ta. A jikin kwalin harsashi ana rubuta cewa yana da haɗari har mil guda ko guda da rabi, wato daga kilomita 1.6 zuwa kusan 2.5. Yana kuma tsalle a kan ruwa da dutse fiye da manyan harsasai. Kada ka harba a kan kogin Kaduna, kada ka jingina takarda da duwatsu irin na wajen Kujama, kada ka harbi tsuntsu a kan reshe sama ce a bayansa. Tudun ƙasa mai laushi wanda ya fi tsayinka shi ne bango. Ko a gonarka ce, mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin su san da kai tukuna, domin ƙarar bindiga a daji yanzu tana iya tashin ƙauye guda.

Yanayinmu ma sai an yi da shi. A watan Agusta katako kan sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, sukurori su saki. Nakan duba su a farkon kowane lokaci in sake gwada saiti. Mai sayen sabuwa in ya sami mai jikin roba, ya huta da wannan. Da damina a shafa mai kaɗan a ƙarfe duk mako. Da hunturu kuwa a rage, don mai da ƙura in sun haɗu yashi suke zama. Ta baya ake goge bututu, kuma ba kullum ba. A gida sakata tana wuri ɗaya, harsashi wani wuri, bindiga a akwatinta, mabuɗan kuma a jikina suke kwana.

Ɗan yayata ya je hedikwata ranar Litinin da ta biyo baya, ya dawo ya ce sai jira. Kuɗin yana nan a ajiye, ya kuma goge hoton baƙar bindigar daga wayarsa. Yanzu duk ranar da zan fita gwaji yakan riga ni tashi. Shi ke kafa sanduna uku tsakanina da takarda ya ɗaura musu tsumma don mu ga iska, shi ke riƙe rula da littafi. Makon jiya muna cikin rukuni na huɗu ya ce, "Kawu, dakata, tsumman tsakiya ya juya." Na ɗaga yatsa daga kunama, muka jira ya kwanta.